Tarkwa Bay da yara: ku tafi da kular abincinku

Ranar Asabar muka kwashi yara daga Agege zuwa Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas, gaskiya wajen ya yi min. Mota ba ta zuwa sai jirgin ruwa, mu a tashar jiragen ruwa ta CMS muka hau kowa da rigar kariya, Hajiya kam salati take har muka sauka. Ruwan can a kwance yake ba irin na Lekki mai fizgar mutum ba, shi yasa na bar yara suka shiga gefe-gefe.

Inda kudi ke tafiya abinci ne da hayar kujera da rumfa, mu dai dafa-duka muka yo a gida da zobo a kula, muka shimfida tabarmarmu, rumfa daya kawai muka kama bayan ciniki. Ku rike tsabar kudi, kuma ku juyo kafin magariba.