Kafin ka sayi maganin olsa, duba abin da yake yi wa bangon ciki

Ciki yana da wani yauƙi mai kauri da ke shimfiɗe a bangonsa, shi ke hana ruwan asid cin naman. Idan ya sirance, gyambo ya samu ƙofa. Ni abin da ya sirantar da nawa diclofenac ne, na ciwon baya, kullum ba abinci a ciki. Tun daga nan da wannan yauƙin nake auna kowane magani.

Sucralfate ne maganin olsar da nake sha. Ba ya rage asid sosai, amma da ya haɗu da asid ɗin sai ya zama kamar ƙullu mai danƙo, ya manne a kan gyambon ya rufe shi, ya kuma taimaka wa ciki ya ƙara fitar da yauƙinsa. Yawanci gram 1 ne sau huɗu a rana, awa ɗaya kafin abinci da kuma kafin barci. Sau huɗun akwai takura, yana iya kawo taurin bayan gida, kuma yana hana wasu magunguna irin su ciprofloxacin shiga jiki, don haka a raba lokacinsu. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita, saboda akwai alminiyam a ciki.

Omeprazole asid yake ragewa, 20mg kafin karin kumallo, kuma gaskiya yana warkarwa. Ruwan nan fari na kemis, lallashi ne na ɗan lokaci. Misoprostol yana ƙara yauƙi, amma yana zubar da ciki, mai juna biyu kada ta kusance shi. Ranitidine kuwa, shi ma mai rage asid, Amurka ta janye shi a 2020.

In gwaji ya nuna H. pylori, ƙwayar cutar da ke jawo olsa, ko sucralfate ɗin nawa ba zai kashe ta ba, sai an haɗa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na kamar kwana 14.

Sai jabu. Na taɓa sayen kwali a hannun mai talla a tasha, na sha sati biyu kamar alli nake haɗiya. Duba lambar NAFDAC, duba ranar lalacewa a kwali da jikin sacet, su zo ɗaya. In akwai wurin kankarewa, kankare ka tura lambar ta saƙon waya kamar yadda aka rubuta a kwalin kana tsaye a gaban mai kemis. Kada ka karɓi ƙwayoyi tsirara a ƙulle a leda. Jarkar “sha yanzu magani yanzu” da ake tallarta da lasifika, wai olsa da basir da taifot duk a kwalba ɗaya, ba wanda zai iya gaya maka abin da aka zuba a ciki.