Ganin likita ta waya ko tafiya Yamai: wanne ya fi ga mai ciwon gaɓoɓi na psoriasis?

Ƴar'uwa, kin ce psoriasis ɗin Inna, ciwon fatar nan mai farin ɓawo, ya shiga gaɓoɓinta, kuma likitanta na Yamai ya ce a riƙa ganawa ta bidiyon WhatsApp. Kina tambaya ko ku yarda. Ku yarda, amma wayar na da iyakarta.

Daga Tawa zuwa Yamai ya wuce kilomita 500, a bi ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Shi kuwa wannan ciwo ba ya son dogon zama: ta wuni cikin mota, ta sauka gwiwa ta sandare. Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga masauki. Da yawa daga nan suke daina komawa, magani ya yanke, ciwon ya ci gaɓa a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Wannan ne ya fi damuna.

Ta waya, tana zaune a kan tabarmarta. Ki ɗauki hotunan gwiwar hannu, fatar kai da farce a inuwa da rana, kada da dare, don likita ya ga ƴan ramukan da ke kan farcen. Ki rubuta minti nawa gaɓoɓin ke yi da safe kafin su saki. In tana shan maganin nan methotrexate, sau ɗaya a mako ne, ba kullum ba, kuma yana buƙatar gwajin jini don duba hanta da ƙwayoyin jini. A yi gwajin nan Tawa, ki aika hoton takardar kafin ranar ganawa.

Sai dai waya ba ta da hannu. Likita na danna kowace gaɓa da bayan diddige, ya ji inda kumburi ya ɓuya; hoton ƙashi da allura cikin gaɓa kuwa sai an je. Don haka in ya ce a kawo ta, ko yatsa ya kumbura gaba ɗayansa, ku shirya tafiya.

In ido ya yi ja yana ciwo, ko zazzaɓi ya zo da gaɓa ɗaya mai zafi, ko gyambon baki ko sarƙewar numfashi ga mai shan methotrexate, kada ku jira rezo. Ku kai ta asibiti mafi kusa a ranar. Allah ya ba Inna lafiya.