Jirgin ƙasan dare daga Bankok zuwa Chiang Mai, gaskiya ya burge ni

'Yan Kaduna masu zuwa Tailan saro kaya, don Allah in kun gama da kasuwa kada ku tsaya a Bankok kaɗai, ku hau jirgin ƙasan dare zuwa Chiang Mai a arewacin ƙasar. Daga tashar Krung Thep Aphiwat yake tashi da yamma, tafiyar kusan awa 13 ce, amma kwana za ka yi a ciki ka ga kenan kuɗin otal na daren ya huta a aljihunka.

Ba irin namu na Rigasa ba ne da za ka zauna kan kujera har Idu, wannan da dare ya yi ma'aikaci zai zo ya maida kujerun gado, ya shimfiɗa zanin gado mai tsabta da filo da bargo, ka ja labule abinka. Gadon sama ya fi araha amma ni dai na ƙasa nake ba da shawara, ya fi faɗi, ga kuma taga, da asuba kana kallon duwatsu da gonakin shinkafa wlh abin sha'awa. An hana shan giya a jirgin, akwai ma taragon mata zalla, Hajiyoyinmu hankali kwance.

AC ɗin jirgin akwai sanyi sosai, a riƙo rigar sanyi. A sayi abincin halal tun daga gari, tikiti kuma da wuri don gadon ƙasa saurin ƙarewa yake.

In kun sauka ku nemi masallacin Ban Ho, a layin ana sayar da khao soi na halal, taliya ce cikin romon kwakwa da kaza.