boto3, Terraform ko Pulumi: wanne za ku ɗauka?

Malam, ka ce kuna da sabobi kusan 40 a AWS (dandalin Amazon na ba da hayar sabobi), kuna gina su da gajerun shirye-shiryen Python ta boto3 (kayan aikin Python na magana da AWS), yanzu aikin ya fara cakuɗe muku, kana tambaya ko ku koma Terraform, ko Pulumi, ko ku zauna inda kuke.

Dukkansu ukun API na AWS suke kira, wato ƙofar da shirye-shirye ke bi su ba AWS umarni. Inda suka rabu shi ne wa ke riƙe da lissafin abin da aka riga aka gina.

boto3 ba ya tuna komai. Ka kira run_instances, umarnin tayar da saba, sau biyu, sabobi biyu za su tashi, kuɗi ma ninki biyu, sai fa idan ka haɗa kiran da ClientToken iri ɗaya. Duba ko abu yana nan kafin a gina, da jira har ya tashi, duk kai za ka tsara da hannunka. Ga kuma tarkuna biyu da ke yawan kama mutane. list_objects_v2, mai jero fayilolin da ke S3 (ma'ajiyar fayiloli ta AWS), ba ya kawo fiye da sunaye 1,000 a kira ɗaya, don haka shirin da bai bi shafukan da paginator ba zai yi aiki lafiya lau har ranar da fayiloli suka haura dubu, daga nan ya riƙa tsallake sauran ba tare da ya ce uffan ba. Sannan izinin IAM (tsarin ba da izini na AWS) da aka ƙirƙira yanzu yakan ɗauki 'yan daƙiƙu kafin ya bazu. Ka yi amfani da shi nan take, a ce maka babu shi.

Terraform, wanda HashiCorp ya fitar a 2014, ta wata hanya ya bi. Kana rubuta abin da kake so ya kasance da harshensa na HCL, terraform plan ya nuna maka abin da zai ƙara, zai canza ko zai goge, terraform apply ya aiwatar, abubuwa 10 a lokaci guda idan ba ka sauya adadin ba. Abin da ya gina yana rubuta shi a fayil ɗin terraform.tfstate, wato rijistarsa. Yawancin ciwon kan Terraform daga rijistar nan yake tasowa.

Idan tana zaune a kwamfutar mutum ɗaya, ranar da kwamfutar ta mutu Terraform ya manta da sabobinku, ya ce zai gina sababbi. Idan mutum biyu suka yi apply lokaci guda babu kulle, rijista ta lalace. Maganin shi ne a ajiye ta a S3, a kunna adana tsoffin kwafi, a sa kulle: da ana yi da tebur na DynamoDB (wani rumbun bayanai na AWS), sababbin fitowa suna da use_lockfile a cikin S3 ɗin kansa. A kuma sani cewa kalmar sirrin rumbun bayanai tana kwance a rijistar a fili, duk mai izinin karanta fayil ɗin ya gan ta.

Abin da ya fi cin mutane shi ne count, umarnin gina abu iri ɗaya da yawa bisa lamba. Ka gina sabobi biyar daga jeri, ka cire na biyu, lambobin na ƙasa su gusa, sai Terraform ya ɗauka na biyu, na uku da na huɗu duk sun canza, ya kuma goge na biyar. for_each yana bin suna ne, ba lamba ba, shi ya sa muka fi son sa. Duk inda kuka ga alamar -/+ a plan, ma'anarta a rushe a sake ginawa. A kan sabar yanar gizo da sauƙi. A kan rumbun bayanai kuwa ku sa prevent_destroy, mai hana rushewa, tun ranar farko.

Pulumi, da ya fito a 2018, tsarinsa ɗaya da Terraform: akwai rijista, akwai pulumi preview da pulumi up. Sai dai da Python, TypeScript, Go, C# ko Java ake rubuta shi, kuma yana ɓoye bayanan sirri a rijista. Ga masu Python irinku wannan abin sha'awa ne, amma kada ku ɗauka boto3 ne da sabuwar riga. Adireshin sabar da ba a gina ba tukuna ba rubutu ba ne, Output ne, wato ƙimar da ba a sani ba sai an gina, ba za ka manna shi cikin jimla kai tsaye ba sai ta hanya irin ta apply na Output ɗin kansa. Ka sauya wa abu suna ba ka sa aliases ba, ya goge tsohon ya gina sabo. Kuma cikakken harshe yana ba gwani damar yin dabarar da abokan aikinsa ba za su iya bita ba. Ƙuncin HCL, da mutane ke kuka da shi, a nan yake da rana.

Batun lasisi ma ya shigo: a Agustan 2023 HashiCorp ya mayar da Terraform ƙarƙashin BSL, lasisi mai taƙaita amfani, abin da ya haifar da OpenTofu, reshen Terraform mai buɗaɗɗen lasisi, a hannun Linux Foundation. Umarninsu kusan ɗaya ne, kuma OpenTofu tun daga 1.7 yana iya ɓoye rijista. 

A ganinmu, ku ɗauki Terraform ko OpenTofu don abin da ke dawwama: hanyoyin sadarwa, izini, rumbunan bayanai. Pulumi sai idan kowa a cikinku ya ƙware a Python kuma kuna bitar rubutun juna. Kada ku rushe komai wajen ƙaura. Ku shigo da abin da ke nan da import, kaɗan-kaɗan, har plan ya ce babu canji. Ku raba rijista, ta gwaji daban, ta ainihin aiki daban. Ku sa plan -detailed-exitcode ya gudana kullum. Idan ya mayar da 2, wani ya taɓa wani abu da hannu, ko an sauya rubutu ba a aiwatar ba.

boto3 ya zauna a aikin yi-ka-wuce: kashe sabobin gwaji da dare, share tsoffin kwafin faifai, fitar da rahoton kuɗi. Kawai kada ya riƙa canza abin da ke cikin rijista, don apply na gaba zai mayar da shi yadda yake a rubuce.