Ƙotar Remington 700: gyaran ta roba ko sayen ta faiba?

Ɗan'uwa, ka ce bindigarka Remington 700 mai cin harsashin .308 tana watsa harsashi idan ka ɗora ta kan ƙafafu biyun da ake maƙala mata a gaba, fentin da ka fesa wa ƙotar kuma yana ɓarewa, shi ne kake tambaya ko ka gyara robar da ta zo da ita ko ka sayi ta faiba. Sayi ta faiba mai gadon alminiyum a ciki, inda ƙarfen bindigar ke zama. Irinta ce a kan wadda nake fita farautar barewa da ita, ta kamfanin Bell and Carlson da ake yi a Kansas ta Amurka, kuma ko ta kwana cikin sanyin mota ko ta sha ruwan sama, inda aka bar saitinta nan ake samunsa.

Ta robar ana iya gyara ta, ba a ce ba. Sai dai aiki ne mai yawa a kan abin da ba ya karɓar gyara. Narka roba aka yi aka zuba a mazubi, yawanci dangin wadda ake kujerun taro da ita, kuma ka san yadda fenti yake yi a jikin waɗannan kujerun. Gam ma haka yake yi. Kana iya zuba efoksi ya bushe tsaf, bayan harbi kaɗan ya ɓamɓaro gaba ɗayansa. Masu nacewa sai sun hudhuda ƙananan ramuka a karkace domin gam ɗin ya sami abin riƙewa, sun cika ramukan gaba da efoksi da sandar kibiya, ƙotar ta yi nauyi, sannan duk da haka wuyanta yana lanƙwasa.

Watsa harsashin da kake gani daga nan yake. Gaban ƙotar yana da taushi, idan ka jingina nauyinka kan ƙafafun sai ya tashi ya danni bututun bindigar. Yau ka danna da ƙarfi, gobe a hankali, kowane harbi bututun na girgiza daban. Gwada da kanka: cire sakata, ka tabbata babu harsashi, ka zura takardar dala a ƙarƙashin bututun ka ja ta baya, sannan ka maimaita bindigar tana kan ƙafafu. Za ka ji inda take kamawa. Wasu za su ce ka kankare ƙananan tudun nan biyu da ke can bakin gaba. Kada ka yi gaggawa. Da gangan aka sa su su tallafi siririn bututu, kuma idan ka cire su a ƙota mai taushi sau da yawa abin ƙara lalacewa yake yi.

Kafin ka yi oda, abu uku za ka tabbatar. Mai cin .308 gajeriyar uwa take da ita (uwa ita ce ƙarfen da sakata ke ciki), tsakanin notocinta biyu inci 6.5 ne; masu cin .30-06 da .270 doguwa ce, inci 7.35. Sai ƙasan: akwai ADL mai rufaffen ciki, akwai BDL mai ƙyauren da ake buɗewa a zubo harsashi. Na uku kaurin bututu, na farauta siriri ko mai kauri. Idan ɗaya ya saɓa, ba ta shiga.

Ko da an rubuta cewa ɗorawa kawai za ka yi, ka duba. Shafa jan baki ko baƙin alƙalamin maka a ƙasan uwar bindigar, ka zaunar da ita, ka ɗaga. Inda launi ya fito a wajen gadon alminiyum, nan take tokara. Wuraren da suka fi yin haka su ne ramin hannun sakata, gefen makunnin tsaro, da kwarin bututu. Na kwarin, naɗa sanfefa mai lamba 80 a jikin sanda mai kaurin bututun, ka riƙa gogawa kana gwadawa har katin kasuwanci ninki biyu ya wuce ba tare da ya kama ba. Ƙurar faiba tana ƙaiƙayi kuma ba ta da kyau ga huhu, sa takunkumi. Hannun sakata kuwa kada ya taɓa ƙota ko kaɗan idan an rufe.

Sai ka je ka harba tukuna. Idan tana tara harsashi biyar cikin inci ɗaya ko kusa da haka a yadi 100, bar ta, ka wuce wajen fenti. Idan ba haka ba, shimfiɗar gam siririya a kan gadon ita ce magani, don alminiyum ɗin da uwar bindigar ba safai suke haɗuwa daidai ko'ina ba. Alamar haka ita ce, idan ka sassauta notin gaba yatsanka na kan bututu, sai ka ji ya motsa.

Ni gam ɗin Devcon 10110 nake so saboda kaurinsa, ba ya kwarara. Awonsa, gam da sinadarin da ke daskarar da shi, kashi 9 da 1 ne a sikeli, ko biyu da rabi da ɗaya a cokali, kana da kamar minti 45 kafin ya fara kamawa. Acraglas Gel ya fi sauƙin awo, rabi da rabi ne. Cire kunama gaba ɗaya ka ajiye gefe, har da gidan harsashi. Wannan ba tsoro ba ne kawai: a 2014 kamfanin Remington da kansa ya nemi a mayar masa da bindigogi masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga 2006, saboda rarar gam a cikinta na iya sa bindiga ta tashi ba a taɓa ta ba. Karce saman alminiyum ɗin da sanfefa mai kaushi, ka goge da sifirit. Toshe duk wani rami da tsagi na jikin uwar da yumɓun wasan yara, don gam idan ya shiga rami ya daskare, ya kulle ƙarfe da ƙota ke nan. Haƙorin nan da ke tare shurin bindiga, naɗa masa tef ninki biyu a gaba da gefe da ƙasa, ka bar bayansa tsirara, nan ne kaɗai ake so ya zauna daram. Sannan man takalmi Kiwi mara launi: shafa wa duk ƙarfen da gam zai iya taɓawa, ka goge, ka sake shafawa, har da notocin da ramukansu. Wurin da ka manta, nan zai kama.

Naɗa tef a bututun wajen bakin ƙota don ya zauna a tsakiya. Kada ka ɗaure notoci da ƙarfi, za su lanƙwasa uwar, gam ya ɗauki siffar lanƙwasar. Ka sa dogayen notoci marasa kai su zama jagora, ka naɗe da robar tiyub. Rarar da ta fito a gefe ka kwashe da tsinken auduga. Bar shi awa 24 a ɗaki mai ɗumi; a garejin da ke da sanyin Disamba ba zai bushe yadda ya kamata ba. Bayan ka raba su, sake huda ramukan notocin kaɗan don kada jikin noti ya taɓa gam.

Wajen ɗauri, ƙota mai alminiyum tana ɗaukar ƙarfin ɗaurin noti har inci-fam 65, amma ka bi takardar da ta zo da ita, kuma ka rage idan ƙarfen ƙasan na asali ne, don yana iya tsagewa. Roba mara ginshiƙin ƙarfe a ramukan noti ba ta son fiye da 30 zuwa 35. Lura, inci-fam ne, ba na sifanar mota ba da ya ninka shi sau 12. Fara da notin gaba, bindigar a tsaye a kan gindinta. Idan ka gama, gwada makunnin tsaro da sakata sau da yawa ba harsashi.

Fenti a kan faiba ba wahala. Wanke da ruwan ɗumi da sabulun kwano, goga sanfefa 320 har ƙyallin ya mutu, goge da sifirit, daga nan kada ka taɓa da hannu tsirara. Rufe gadon da robar kafaɗa da tef. Fesa daga nisan taƙi guda, sirara-sirara sau uku ko huɗu, minti goma zuwa sha biyar a tsakani. Fesawa mai kauri ita ke kawo hawaye, ƙarawa washegari kuma ita ke sa ya yamutse, don na ƙasa bai gama bushewa ba. Krylon yana da araha kuma gyaransa sauƙi, amma man wanke bututu da maganin sauro mai DEET suna narka shi. Aluma-Hyde II ya fi juriya, sai dai ka rataye ƙotar mako biyu ka manta da ita. Cerakote na tanda ka bar wa masu shago. In kuma ka dage sai ka fenta ta robar, dole sai da feshin share fage na roba a ƙasa, kuma kada ka kusanto da asiton.

Idan ta hannu za ka saya a intanet, buɗe ido. Akwai masu ɗaukar ƙotar roba ta asali su fesa mata zanen saƙar gizo su kira ta faiba, akwai masu cike tsagin wuya da fotin mota su rufe da sabon fenti. Nemi hoton ciki inda alminiyum yake, da na wuyan a kusa, tare da takarda mai kwanan watan ranar a gefe. Tambayi ko an taɓa yi mata gam, don wadda aka shimfiɗa wa wata bindiga sai ka kankare kafin ta zauna a taka. Wanda ya ce sai dai ka biya da katin kyauta ko ta hanyar da kuɗi ba ya dawowa, rabu da shi ko da farashin rabi ne.