Hayar Istiraha a Jidda Don Daren Ƙarshen Shekara: Inda Ta Biya da Inda Take Cin Mutum

Mai iyali a Jidda zaɓi biyu gare shi a daren 31 ga Disamba: ko ya gangara Kornish, wurin shaƙatawa na bakin teku, ya shimfiɗa darduma, ko dangi su haɗa kuɗi a kama istiraha. Kornish kyauta ne, kuma Nafurar Sarki Fahad, wadda ke cilla ruwa sama da mita 300 tun 1985, ba ta gundurar ido. Matsalar ita ce wurin ajiye mota, layin banɗaki, da cunkoson komawa gida da yara masu gyangyaɗi. Shi ya sa gidaje da yawa na Hausawan Sabil da Karantina da Gulail, har da 'yan uwansu na Sharamansur a Makka, ke zaɓar istiraha: gida mai katanga a gefen gari, da majalisar maza da ta mata, da kicin, da tsakar gida mai ciyawa, wani lokaci har da masbah na ninkaya.

Ga taron mutum 25 zuwa 40, hidimar ta ci kuɗinta. Ƙasa da mutum goma kuwa asara ce, gara a zaga Balad, tsohon garin Jidda, a ci abinci a koma gida.

A fara da duba kalanda. Ranar 1 ga Janairu ba hutu ba ce a Saudiyya, duk da cewa tun 2023 gwamnati ta koma amfani da lissafin miladiyya a harkokinta. Idan daren ya faɗo tsakiyar mako, haya ta fi sauƙi a kan daren Alhamis ko Juma'a, amma washegari aiki na jiran kowa. Tunda ga mafi yawan mutanenmu abin zumunci ne kawai ba biki ba, ba laifi a matsar da shi zuwa Alhamis mafi kusa. A dai san cewa farashin zai hau.

Unguwa ma tana da tasiri. Istirahohin Harazat a gabashin gari sun fi araha da faɗin fili. Na Hamdaniyya da Zahban a arewa sun fi sabunta, su kuwa gidajen hutu na bakin ruwa a Abhur iskar teku kake biya. Idan rabin dangi daga Makka za su taso, Bahra ce ta raba hanya daidai.

Ana kamawa ta manhaja irin su Gathern, ko kai tsaye ta WhatsApp wajen mai wurin ko harisinsa, wato maigadi. Manhaja ta fi kwanciyar hankali saboda akwai rasit da ra'ayoyin waɗanda suka riga ka kwana. Ciniki kai tsaye yakan fi rangwame, amma ba ka da abin riƙewa sai abin da aka rubuta maka. Ko ta ina ka bi, ka je da kanka da rana kafin ka ba da arbun, wato kafin alƙalami, domin hoton da ake nunawa galibi na ranar da aka gama fenti ne. Kunna kowace na'urar sanyaya ɗaki ka jira minti goma. Jidda ko a Disamba ɗaki mai mutum ashirin yana ɗaukar zafi. Buɗe famfon banɗaki ka ga ƙarfin ruwa, sannan ka tambayi haris yaushe wayit, wato tankar ruwa, ya cika tanki, don yawancin wuraren nan da ruwan mota suke rayuwa, kuma ƙarewar ruwa da sha ɗayan dare ita ce ƙorafin da aka fi ji. Zaga bayan gida ka shinshina ramin bayyara, inda ƙazamin ruwan gidan ke taruwa. In akwai wari ko ruwa kwance, akwai sauro, kuma sauron Jidda na ɗauke da zazzaɓin dengi. Ɗaga tukunyar gas ka ji nauyinta.

Inda aka fi rigima shi ne lokacin fita da kuɗin ta'amin, wato kuɗin ajiya da mai wurin ke riƙewa saboda ɓarna. Istirahohi da dama hayar yamma zuwa tsakar dare ko ƙarfe biyu suke bayarwa, kwana kuma farashinsa daban. Wanda bai tambaya ba, sai ya ga haris yana kashe fitilu ana tsakiyar shayi. A rubuta lokacin shiga da na fita, adadin mutane, da wanda zai share wurin. Da an shiga, mutum ɗaya ya ɗauki bidiyon kujeru, labule, talabijin da ƙofofi ya tura wa mai wurin nan take. Wannan bidiyon ne zai dawo muku da ta'amin idan aka ce yaranku ne suka yage kujerar da dama a yage take.

Masbah shi ne abin da ke sayar da istiraha, shi ne kuma haɗarinta. A nemi mai shinge da ƙofa mai kullewa. A tambayi zurfinsa, don wasu suna faɗawa daga mita ɗaya zuwa biyu ba gargaɗi. A ɗora wa babba ɗaya tsaro, a riƙa canji duk rabin awa. Cewa "ai kowa na kallo" ma'anarsa ba mai kallo. Bayan isha'i a kulle shi.

Abinci kuwa, dafa shinkafar mutum talatin a kan murhun istiraha wahala ce marar riba. A ba matbaki, wato gidan dafa abincin taro, odar mandi (shinkafa da naman rago) kwana biyu ko uku kafin ranar. Matsakaicin rago ɗaya da shinkafarsa yana ɗaukar mutum 15 zuwa 20, don haka talatin na buƙatar ɗaya da rabi. A nau'in rago, Harri ya fi taushi da tsada, Sawakini na Sudan ya fi auki. A ce a kawo da tara, ba sha ɗaya ba, don a irin wannan dare direbobi a makare suke.

Abin da ya dace a yi a wurin shi ne tsire, wanda mutanen Hijaz suka daɗe da sani da siriya a hannun Hausawan Makka. Kilo biyar na jan naman sa marar kitse ya wadatar a matsayin abin taɓawa, da gawayi kilo biyar ko shida. A yanka shi fale-fale tun a gida, a shafa mai da garin ƙuli da yaji, ya kwana a firiji. A hura gawayi minti talatin zuwa arba'in kafin a ɗora, sai ya yi farin toka. Kuskuren da aka saba shi ne gaggawa: ƙuli na haɗuwa da harshen wuta ya ƙone ya yi ɗaci, cikin naman kuma ɗanye. Kada a shigar da mangal, wato murhun gashi, ɗaki ko rufaffiyar hema wai don gudun iska, gawayi na fitar da wata iska mai guba da ba ta wari amma tana sumar da mutum.

Nokawut da sauran kayan wasan wuta haramtattu ne a ƙasar, ko da an ga ana sayarwa a ɓoye, ga shi ciyawar roba ba ta jure tartsatsi. Sifika ma a sassauta ta. Dokar ɗa'a ta 2019 ta tanadi tara kan ƙure sauti a cikin unguwa, maƙwabci kuma 911 kawai zai kira.

Direbobin da za su mayar da mutane gida su samu ko awa ɗaya su runtsa kafin a tashi. Hanyoyin cikin Harazat da Bahra akwai duhu da ramuka, babban titi kuma kyamarorin Sahir masu kama gudun wuce ƙima ba sa hutun ƙarshen shekara.