Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a idon wanda ya tashi a kwatas ɗin reluwe

Kafin watan jiya na fi shekara talatin rabona da shiga jirgin ƙasa, alhali kuwa a bakin layin dogo aka yanke mini cibiya. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, akawun kaya ne a tashar jirgin Zariya, kuma a kwatas ɗin ma'aikatan reluwe da ke Sabon Gari muka tashi ni da 'yan'uwana, inda kukan jirgi ya zame mana agogo, har mahaifiyarmu takan ce a sauke tukunya tun da jirgin Kano ya wuce. Saboda haka da ɗaurin auren ɗan wani aminina ya taso a Zariya, sai na ce wa 'yata ta shirya, ba za mu bi hanyar mota ba, jirgin Abuja zuwa Kaduna za mu hau, ni in ga abin da ake ta ba ni labari tun da aka buɗe shi a watan Yulin 2016, ita kuma ta ga gidan da na ishe su da zancensa. Wannan sharhin wanda ya biya kuɗinsa ne ya je ya dawo, sai dai mai karatu ya yi mini uzuri, domin duk yadda na so in auna sabon jirgin shi kaɗai, da ma'aunin tsohon nake ƙarewa.

Tikiti a waya aka saya, kuma gaskiya ba ni na saya ba, yarinyar ce ta yi komai ina zaune ina kallonta. Ana bukatar sunan kowane fasinja da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, mutum ya zaɓi lokaci da ajin da yake so, ya biya, a turo masa tikiti mai lambar tarago da lambar kujera. A bakin ƙofa aka haska alamar da ke jikin tikitin da na'ura, aka dubi katinmu, aka wuce da jakunkunanmu ta injin bincike. Na yaba da wannan tsari ƙwarai, domin na san zamanin da samun wurin zama yake ga mai ƙarfin kafaɗa, har ana cusa yara ta taga su tare wa iyayensu benci. Shawarata kawai ita ce a sayi tikiti da wuri, musamman ga mai tafiya ranar Juma'a ko mai dawowa ranar Lahadi, lokacin da ma'aikatan Abuja masu iyali a Kaduna suke cika jirgin. Dattijon da bai saba da waya ba kuma ya nemi ɗa ko jika a kusa.

Tashar Idu, inda jirgin yake tashi a Abuja, tana da girma da tsabta, akwai kujerun jira da wurin alwala da sallah, amma tana can gefen gari, kuma kuɗin da mai tasi ya karɓa daga gidana zuwa can ya sa na yi tsaki. Wanda yake zaune ta wajen Kubwa ko Dutse Alhaji ya fi kowa morewa, tun da jirgin yana tsayawa a tashar Kubwa ya ɗauki mutane.

Cikin taragon babu abin kushewa. Kujeru masu laushi ne, akwai wurin ɗora kaya a sama, akwai inda ake sa cajin waya, bayan gida kuma na same shi da ruwa a tafiya da dawowa. Sanyin na'ura ne ya yi mini yawa, har na yi nadamar barin rigar sanyi a gida, sai da na naɗe wuyana da rawanin da na tanada don ɗaurin aure. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin jijjiga. Tsohon layinmu siriri ne, faɗin tsakanin ƙarafunsa milimita 1,067, kuma a kowace mahaɗar ƙarfe sai ƙafar jirgi ta buga, shi ya sa yake tafiya yana rangaji yana kiɗan da mu yara muke sa wa waƙa. Wannan kuwa faɗinsa milimita 1,435 ne, yana sulalawa kamar an shafa wa ƙarfen mai, har na ga wani bawan Allah ya ajiye kofin shayi a gabansa bai ko riƙe shi ba. Nisan kilomita 186 ne daga Idu zuwa tashar Rigasa ta Kaduna, mun kuwa cinye shi cikin awa biyu da wani abu, ba tare da ramin titi ko tirela ta tare hanya ba.

Sai da muka wuce Jere na gane abin da yake damuna tun da muka tashi, wato tagogin ba sa buɗuwa. Gilashi ne a liƙe, kana ganin gonakin dawa da rugagen Fulani da duwatsu suna wucewa, amma ba ka jin ƙanshin ƙasa, ba ka jin muryar kowa, kamar dai kana kallon talabijin da aka kashe wa sauti. Na san dalilin hakan, sanyin na'ura ba ya zama da buɗaɗɗiyar taga, kuma a halin da ƙasa take ciki babu mai hankalin da zai so a riƙa miƙo hannu cikin jirgi. Duk da haka a nan ne hankalina ya bar taragon ya koma shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin da duk hutun ƙarshen shekara ake ɗora mu a jirgin Ƙaura Namoda mu je wurin kakarmu.

Ma'aikacin reluwe yana da takardar fas da iyalinsa suke tafiya da ita, don haka mu tafiya ba ta yi mana wuya ba. Tun da dare mahaifiyarmu take soya kaji ta zuba a langa, ta ɗaure tabarma da buta, a cika adakar ƙarfe da tsarabar sabulu da sukari da atamfar kaka. Wannan reshe da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, an kai shi Ƙaura Namoda ne a 1929, shekara goma sha takwas bayan jirgi ya fara isa Kano a 1911, kuma ba don mu aka shimfiɗa shi ba, don gyaɗa da auduga da fatu aka yi shi, mu fasinjoji cin arziki muke yi. Shi ya sa jirgin ba ya gaggawa. Yakan tsaya a Funtuwa a yi ta gaba da baya ana cire tarago ana haɗa wani, mu kuwa ko a jikinmu, domin kowace tasha kasuwa ce. Kafin jirgi ya gama tsayawa 'yan talla sun yanyame tagogi, mai dafaffen ƙwan zabi, mai rake, mai fura da nono, mai tsire, ana ciniki ana miƙa canji jirgi yana motsawa, yarinya tana gudu tana bin ƙwaryarta. Idan muka wuce Tsafe sai mu yi ta rige-rigen wanda zai fara hango dutsen Kwatarkwashi, wanda ya riga kowa shi ke da cinyar kaza. A cikin tarago kuwa kafin a kai Gusau an zama dangi: Bayerabiya mai goro ta ba ƙanena lemo, wani malami ya ja sallah a tsakanin benci, tsofaffi sun gano cewa kakanninsu sun yi maƙwabtaka a wani gari. Ba zan ɓoye ba, akwai zafi, akwai cunkoso, akwai kuɗin cizo a jikin benci, bayan gidan kuma rami ne kawai da kake hango tsakuwar layi tana gudu a ƙarƙashinka. Akwai shekarar da kan jirgi ya lalace muka kwana a daji. Mahaifina yakan ce bai ga jirgi yana kiyaye lokaci sosai ba sai 'yan shekarun da aka kawo Indiyawa suka riƙe reluwe daga 1979.

Ina cikin wannan tunani 'yata ta taɓa ni ta ce, “Baba, ka yi shiru, ko sanyin ne?” Na ce mata, “A'a, uwata, ina neman mai ƙwan zabi ne ban gan ta ba.” Ta yi dariya ta nuna mini ma'aikaciyar da ke tura keken kayan maƙulashe, mai ruwan gora da lemon kwalba da biskit da fanke irin na zamani. Na sayi ruwa. Ba laifi abincin yake da shi ba, tsada ce kawai irin ta wurin da babu abokin gasa, kuma wanda yake son ya ci abin kirki gara ya taho da guzurinsa.

Da muka doshi Rijana taragon ya yi tsit, ko kuma ni ne na ji haka. Duk wanda ya hau wannan jirgi ya san abin da ya faru a wannan yanki a daren 28 ga Maris 2022, lokacin da 'yan bindiga suka dasa bam a kan layi, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da sittin cikin daji, waɗanda na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba. Jirgin bai koma aiki ba sai ranar 5 ga Disamba 2022. Na ga jami'an tsaro da makamai a tasha da cikin jirgi, kuma ganinsu ya kwantar mini da hankali gwargwado, ko da yake na lura ba ni kaɗai nake motsa baki da addu'a ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba. Ni dai a ra'ayina, idan mutum yana da zaɓi, ya ɗauki jirgin safe ko na rana.

Mun haye kogin Kaduna muka sauka a Rigasa lafiya, sai kuma wahalar da jirgi ya ɗauke mana ta dawo sabuwa. Masu tasi da masu Keke Napep sun yi mana caa, kowa yana jan jaka, kuma farashin da ake faɗa wa wanda ya fito daga jirgi daban yake da na ɗan gari. Daga nan sai mun ratsa gari zuwa Kawo, sannan muka sami motar Zariya, tafiyar kusan kilomita 80. A nan ne babban ƙorafina yake, kuma ba laifin ma'aikatan da suka yi mana hidima ba ne: jirgin yana ajiye mutum a rabin hanya. A da, daga Kaduna jirgi ne zai kai ka Zariya, daga can ka zaɓa, ko Kano har Nguru, ko Gusau har Ƙaura.

Bayan an shafa fatiha na ja yarinyar muka nufi Sabon Gari. Mun bar gidan nan a 1989 da mahaifina ya yi ritaya, kuma tun daga lokacin na zauna a Gusau da Kano da Abuja, gidajen haya sun kai bakwai, amma idan na yi mafarkin gida, wannan ne nake gani. Na same shi, sai dai ya ƙanƙance. Barandar da muke buga ƙwallo a kanta ashe taku huɗu ce. An toshe gefe guda da bulo an yi shagon cajin waya, bishiyar mangwaron da na faɗo daga kanta na karye a hannu babu ita, amma darbejiyar bakin famfo tana nan ta yi kauri. Na yi sallama, wani dattijo ya fito, na ce, “Baba, a gafarce ni, a gidan nan aka haife ni, na kawo jikarku ta gani.” Ya ce, “Ai gidanku ne, Alhaji, bismillah,” ya sa aka kawo mana ruwa a kofin silba, ya bar mu muka leƙa tsakar gida. A jikin ƙofar kicin na nuna wa 'yata wasu zane-zanen ƙusa da fenti bai gama rufewa ba, inda mahaifiyarmu take auna tsawonmu duk ƙaramar sallah. Daga nan muka taka zuwa tasha, muka tarar da taragai sun yi tsatsa a kan layin ajiya, awaki suna kwance a inuwarsu. Ban daɗe ba na ce mu tafi.

A hanyar dawowa na zauna kusa da taga ina lissafin tafiye-tafiyen da nake fata Allah Ya nuna mini. An ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano a watan Yulin 2021, kuma ta Zariya zai bi, wato watarana zan iya hawa daga Idu in sauka a garinmu ba tare da na yi ciniki da mai tasi a Rigasa ba. A watan Fabrairun 2021 kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Mahaifina ya yi shekara talatin yana rubuta takardun kayan da ake saukewa a kai Nijar a mota, bai taɓa taka Maraɗi ba, ni kuwa ina so in shige ta a jirgi in ci kilishi a can a madadinsa. Sai kuma jirgin Haramaini da aka buɗe a 2018 tsakanin Makka da Madina ta Jidda, mai gudun kilomita 300 a awa guda, wanda na sa a raina cewa idan Allah Ya kira ni Umra, shi zan hau ko da kuɗinsa ya fi na bas.

Ga mai tambaya ko jirgin Abuja zuwa Kaduna ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce ya cancanta, kuma na riga na ce wa maiɗakina da shi za mu je bikin sallah. Ya fi mota hutu nesa ba kusa ba, ma'aikatan da na yi hulɗa da su sun nuna ladabi, kuma a tafiya da dawowa bai ɓata mana lokaci ba. A je tasha da wuri domin ana rufe ƙofa kafin jirgi ya tashi, a riƙe katin shaida a hannu, a taho da rigar sanyi, a kuma yi magana da wanda zai ɗauki mutum a Rigasa tun kafin a isa. Ni kuma na gaya wa 'yata cewa tafiya ta gaba ita za ta sayi tikiti kamar yadda ta yi, ni zan dafa ƙwan zabi tun da dare, in ƙulla gishiri da yaji a takarda.